Jijjigar Hilux Bayan Sauya Rim: Inda Matsalar Take Da Yadda Ake Gano Ta

Ƙorafi ne da ya zama ruwan dare a garejin gyaran mota da wuraren masu taya. Mutum ya cire rim ɗin da motarsa ta zo da su daga kamfani, ya sa na aloi masu faɗi da ƙyalli, wani lokaci har da manyan tayoyi masu zane, sai motar da a da take tafiya lafiya lau ta soma karkarwa da zarar ta hau babban titi. Ya koma a yi masa balansin, wato daidaita nauyin taya ta hanyar liƙa dalma a rim, na'ura ta nuna sifili, amma jijjigar tana nan daram. Mai taya ya ce laifin shokazoba ne ko furofela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafun baya, makanike ya ce laifin taya ne, wanda ya sayar da rim kuma ya ce ai ramukan noti shida ne, kuma ya shiga ba gardama. Kowane ɗayansu yana iya yin daidai a wata motar, shi ya sa mai mota yake rasa wanda zai gaskata, ya yi ta sauya kayan da lafiyarsu ƙalau.

An ɗauki Toyota Hilux a matsayin misali a nan saboda ita ce a-kori-kurar da ta fi yawa a hanyoyinmu, daga Kano zuwa Maraɗi har Agadas, amma bayanin ya shafi Ford Ranger da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da makamantansu.

Taurin tafiya daban, jijjiga daban

Abu na farko shi ne a raba matsaloli biyu da akan haɗa su wuri guda. Taurin tafiya shi ne mota ta riƙa isar da kowane rami da gargada zuwa jikin na ciki, kuma hanya ce ke tayar da shi, domin a kan kwalta mai santsi ba a jin sa. Jijjiga kuwa girgiza ce mai maimaita kanta a kan kari ɗaya, tana zuwa ne daga wani abu da ke juyawa a jikin motar, kuma an fi jin ta a kan sabuwar kwalta inda babu abin da zai ɓoye ta. Jijjiga alama ce ta wani abu da ya kauce, ana kuma iya gyara shi. Taurin tafiya sau da yawa ba lalacewa ba ce, sakamakon zaɓin da mai motar ya yi ne.

Lambobin da ke jikin taya suna bayyana dalili. Hilux da yawa suna zuwa da taya mai lamba 265/65R17, ma'ana faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kimanin milimita 172, sannan rim ɗin inci 17 ne. Idan aka koma rim mai inci 20, dole a rage gefen taya don tsayin ƙafar, wato rim da taya a haɗe, ya tsaya kusa da yadda yake, sai a sa 265/50R20, wadda gefenta bai wuce milimita 133 ba. An rasa kusan milimita 40 ke nan na roba da iska waɗanda su ne suke fara shanye dukan hanya kafin ya kai ga sifirin. Babu balansin da zai dawo da su. Ƙari a kan haka, bayan Hilux yana kan sifirin na faranti da aka ƙera don ɗaukar kaya masu kusan tan guda, saboda haka ko da rim ɗin kamfani tana da tsalle idan babu kaya a bodi, balle an ƙara wa ƙafafun nauyi. Manyan rim da manyan tayoyi sukan fi na asali nauyi, kuma duk nauyin da ke ƙasan sifirin, shokazoba ce take fama da shi wajen mayar da taya ƙasa bayan ta daki rami.

Sai batun iska. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da kamfani ya rubuta iskar da ta dace, kuma ga irin wannan taya adadin yana wajen psi 30 (psi shi ne ma'aunin iskar taya) idan ba a ɗauki kaya ba. Abin da aka rubuta a jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shawarar yadda za a hura ta ba, amma masu faci da yawa shi suke bi, ko kuma su buga 50 ko 60 bisa tunanin cewa motar kaya ce. Tayoyin da lambarsu ta fara da LT, waɗanda aka yi wa jiki mai kauri, wasunsu suna ɗaukar har psi 80, kuma gaskiya ne suna buƙatar iska fiye da tayar da kamfani ya sa don ɗaukar nauyi iri ɗaya, sai dai ƙarin ba ya kai wa ga cika su maƙil a motar da babu kaya. Gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi shi ne bincike mafi arha, kuma yakan warware wani kaso na ƙorafin taurin tafiya nan take.

Abin da gudu yake bayyanawa

Jijjiga tana da lokaci da wuri, kuma su ne shaidar farko. Tayar 265/65R17 tana da tsayin kimanin milimita 776, don haka duk juyi ɗaya tana cin mita 2.44. A gudun kilomita 100 cikin awa ɗaya tana juyawa sau 11 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Ita kuma ƙafar mota, da nauyinta da taushin tayarta, tana da wani kari da take saurin amsawa da tsalle, wanda a yawancin motoci yake tsakanin sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyin taya ya zo daidai da wannan kari, ƙaramin aibi sai ya zama babba. Wannan ne ya sa direba yakan ce motar lafiya take a cikin gari, sai ta kai 80 ko 90 a hanyar Zariya sitiyari ya fara rawa, wani lokaci kuma idan ya wuce 120 abin ya lafa. Lafawar ba ta nufin aibin ya tafi, an dai wuce wurin da ƙafar ta fi amsa shi ne.

Ƙarfin da rashin daidaiton nauyi yake haifarwa yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Busasshiyar laka mai nauyin giram 50 da ta maƙale a cikin rim mai inci 17 tana jan ƙafar da ƙarfin da ya haura kilo 5 a gudun kilomita 100, tana kuma sauya inda take ja sau 11 a daƙiƙa. Rim mai faɗi da zurfin ciki ya fi tara laka, don haka motar da ta shiga ƙauye da damina ta fito tana jijjiga, wanki ya kamata a fara yi mata kafin a kai ta gareji.

Idan a sitiyari aka fi jin girgizar, hankali ya fara komawa ƙafafun gaba, idan kuwa a kujera da daɓen mota ne, to na baya ne ko furofela. Girgizar da ba ta zuwa sai an taka birki ta fi kama da ta faifan birki ko durom. Wadda ke zuwa idan an taka totur ta ɓace idan an saki, ko wadda ke nan ko da mota tana tsaye injin yana aiki, ba ta rim ba ce. Rangajin da ake ji a ƙaramin gudu, kilomita 20 zuwa 40, kamar motar tana ɗingishi, alama ce ta lanƙwasasshen rim ko tayar da wayarta ta rabu, domin a wannan gudun rashin daidaiton nauyi bai isa ya girgiza mota ba.

Rami shida bai isa shaidar dacewa ba

A nan ne rim ɗin kasuwa ya fi bambanta da na kamfani, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A tsakiyar hob, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a kansa, akwai wani leɓe da ya ɗan fito waje. Rim ɗin kamfani an huda ramin tsakiyarsa daidai da wannan leɓe, yana hawa kansa cif, don haka tun kafin a ɗaura noti ɗaya ƙafar ta riga ta zauna a tsakiya. A Hilux mai ƙusa shida faɗin wannan rami milimita 106.1 ne, ƙusoshin kuma suna kan da'ira mai faɗin milimita 139.7.

Motoci da yawa suna da wannan da'ira ta 139.7, amma leɓen hob ɗinsu ya sha bamban. Na Ford Ranger milimita 93.1 ne, na Isuzu D-Max 100.1, na Chevrolet Silverado 78.1, na Mitsubishi L200 kuwa 67.1. Kamfanin da ke ƙera rim don sayarwa a kasuwa ba ya son ya yi iri biyar, sai ya huda rami ɗaya babba, 106.1 ko 108 ko 110, wanda zai shiga dukkansu. Rim mai ramin 110 a kan Hilux yana barin giɓin kusan milimita 4, a kan L200 kuwa giɓin ya haura milimita 40. A irin wannan hali leɓen hob ba ya aikin komai, notoci ne kaɗai suke da alhakin tsayar da ƙafar a tsakiya.

Lissafi zai nuna girman al'amarin. A ɗauka rim da taya sun kai kilo 30. Idan ƙafar ta kauce daga tsakiya da rabin milimita kacal, abin da ido ba zai gani ba, tasirinsa daidai yake da a liƙa dalma mai nauyin giram 70 a bakin rim mai inci 17. Mai balansin yana fafutukar kawar da giram 5 ko 10, sannan wajen ɗaura ƙafar a mota a dawo da giram 70. Na'urar ba ta yi ƙarya ba da ta nuna sifili, ƙafar ce ba ta zauna a mota yadda ta zauna a kan na'urar ba. Alamar da ke tona wannan matsala ita ce jijjigar da ke sauya ƙarfi duk lokacin da aka cire taya aka mayar, ba tare da an taɓa komai ba.

Maganin da aka saba shi ne zoben cike giɓi, na roba mai tauri ko na alminiyam, wanda wajensa ya yi daidai da ramin rim, cikinsa kuma daidai da leɓen hob. Masana harkar sun rabu biyu a kansa. Ɓangare ɗaya yana cewa zoben ba dole ba ne, domin notin da bakinsa yake da tsini yana jawo rim zuwa tsakiya da kansa, muddin an ɗaga mota sama, an fara ɗaure notocin da hannu kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, kafin a sauke ta. Suna ƙara da cewa ba leɓen hob ne ke ɗaukar nauyin mota ba, matsewar da notoci suka yi wa rim a jikin hob ce, kuma a wannan sun yi gaskiya. Ɗaya ɓangaren bai musanta haka ba, sai dai yana cewa ƙafa mai kilo 30 ko 40 tana rinjaya ƙasa yayin ɗauri, kuma mai facin bakin titi ba zai bi wancan tsari ba, zai ɗaure noti na farko tamau ne ya wuce na gaba. Idan aka dubi yadda ake aiki a zahiri, hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi, ganin cewa zoben ba shi da tsada kuma mai injin sassaƙa ƙarfe yana iya fitar da shi idan an ba shi awo daidai. Tsakanin na roba da na alminiyam kuma, na roba ba ya manne wa hob saboda tsatsa amma zafin birki yana iya lalata shi, na alminiyam ya fi jure zafi amma yakan kama hob har ya hana tayar safaya zama idan an manta ba a cire shi ba.

Akwai kuma rim ɗin da ramukansa shida ne amma da'irarsu daban ce. Na Ford F-150 da ake shigowa da su daga Amurka suna kan milimita 135, na Nissan Navara D40 kuma 114.3. A kasuwannin kayan gwanjo irin Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, ana cin karo da rim daga kowace nahiya a tuli ɗaya, don haka ƙirga rami bai wadatar ba, sai an auna. Rim ɗin da sai an fafe ramukansa kafin ya shiga ba zai taɓa zama a tsakiya ba, kuma yana lanƙwasa ƙusoshi har su karye. Wannan ba batun jijjiga ba ne kawai, batun rai ne.

Noti da mazauninsa

Rim ɗin aloi na Toyota yana amfani da noti mai wuya da wasa, wanda yake kwanciya a kan shimfiɗaɗɗen mazauni. Yawancin rim ɗin kasuwa kuwa mazauninsu a turo yake kamar mazurari, mai kusurwar digiri 60, yana buƙatar noti mai tsinin baki. Idan aka mayar da tsofaffin notocin a kan sabon rim, abin da ke faruwa a kullum saboda mai sayarwa bai ba da nasa ba, notin yana taɓa rim a siririn layi ne kawai. Ba zai tsayar da shi a tsakiya ba, zai ci jikin aloi, sannan ya sassauta bayan 'yan kwanaki.

Ƙusar Hilux tana da kaurin milimita 12, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce noti ya ci tiredi aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar, wato juyi 8. Rim mai kaurin fuska, ko farantin da ake sakawa tsakanin rim da hob don a turo ƙafa waje, yana rage wannan adadi, sannan farantin yakan rufe leɓen hob gaba ɗaya. Ƙarfin ɗaurin da Toyota ta ƙayyade wa Hilux yana wajen Nm 105 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), wanda sifana mai awo ce take tabbatar da shi, ba hawa kan fayif da ƙafa ba, ba kuma bindigar iska ba. Ɗauri fiye da kima ko wanda bai zo ɗaya a dukkan notoci ba yana iya karkatar da faifan birki, sai a samu sabuwar jijjiga a kan tsohuwa. Sabon rim na aloi yana buƙatar a sake duba ɗaurinsa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Kafin a ɗora rim kuma sai an kankare tsatsa da ƙasa daga fuskar hob. Wasu motocin suna zuwa da ƙananan zobba a gindin ƙusa waɗanda suke riƙe faifan birki a masana'anta. Rim ɗin kamfani yana da gurbinsu a bayansa, na kasuwa sau da yawa ba shi da shi, sai ya zauna a kansu a karkace.

Iyakar na'urar balansin

Na'urar balansin ta yau da kullum nauyi kawai take aunawa. Tana juya ƙafar a iska, ba ta san ko zagayayya ce ba. Ƙafa mai siffar ƙwai tana iya samun sifili a na'ura, amma a titi za ta ɗaga motar ta sauke a kowane juyi. Ana gane wannan ta hanyar ɗaga mota, a kafa wani abu kusa da fuskar taya, a juya ta a hankali ana kallon tazarar, ko kuma da agogon awo idan akwai. Kaucewar da ta wuce milimita 1 a rim, ko milimita 1.5 a taya, yawanci ana jin ta. Rim ɗin gwanjo sukan lanƙwashe ne ta bakin ciki, inda ba a gani sai an kwanta ƙarƙashin mota.

Ko a batun nauyin ma akwai hanyoyi biyu. Akwai daidaita nauyi a layi ɗaya, wanda ke hana tsalle kawai, akwai kuma daidaita ɓangaren ciki da na waje, wanda ke hana ƙafar yin rangaji hagu da dama. Mai rim mai ƙyalli ba ya son a ga dalma a fuskarsa, sai mai na'ura ya zaɓi hanya ta farko ya liƙa dalma a tsakiya. Rim mai faɗin inci 9 ko 10 bai yarda da haka ba, yana buƙatar layi biyu, ɗaya a bakin ciki, ɗaya a bayan sandunan fuska inda ba ta fitowa fili. Yadda aka ɗaura rim a kan na'urar shi ma abin dubawa ne. Mazurarin ƙarfen da ake cusawa a ramin tsakiya bai cika riƙe rim mai babban rami daidai ba, shi ya sa ake da wani faranti mai yatsu da ke kama rim ta ramukan noti, yadda mota take kama shi. Gwaji mai sauƙi shi ne, bayan na'ura ta nuna sifili, a kwance ƙafar, a juya ta rabi, a sake ɗaurawa a auna. Idan ta nemi giram 20 ko 30, to sifilin farko ba abin dogaro ba ne.

Akwai wani aibi na uku da ido da dalma ba sa kama shi, wato bambancin tauri a jikin taya. Wani sashen robar ya fi wani ƙarfi, sai ya riƙa tura mota sama duk lokacin da ya zo ƙasa. Na'urorin da ke gano shi, irin GSP9700 ta kamfanin Hunter na Amurka, suna danna taya da wani abin nadi da nauyin da ya haura rabin tan yayin da take juyawa. Gyaran shi ne a juya taya a kan rim har wurin da ta fi tauri ya haɗu da wurin da rim ya fi ƙasa. Irin wannan na'ura ba a kowane gari ake samunta ba, amma ɗigon fentin da ke gefen sabuwar taya yana taimakawa: rawaya yana nuna inda ta fi sauƙin nauyi, ana daidaita shi da bakin shan iska, ja kuma yana nuna inda ta fi tudu, ana daidaita shi da alamar da ke jikin rim idan yana da ita. Ƙafar da ta nemi dalma mai yawan gaske, a sassauta tayar a juya ta rabin zagaye a kan rim ya fi a yi ta jera mata dalma.

Tayar kanta

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, Najeriya ta dogara ne kan tayoyin waje, kuma duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, sun cika kasuwa. Rim ɗin gwanjo da yawa da tayarsu ake sayar da su. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan alamar DOT da ke rubuce a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera taya, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tana wayar da kai a kan shekara 4 a matsayin wa'adin taya, alhali Michelin yana cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai 5, a cire ta idan ta kai 10. Kamfanonin taya suna magana ne a kan tayar da aka adana da kyau, hukumar kuma tana la'akari da zafi da lodi da yanayin hanya. Ga mai neman tushen jijjiga, abin lura shi ne tsohuwar taya a zafin watan Afrilu ta fi saurin rabuwar waya, wadda ke fara bayyana da kumburi a fuskar taya da jijjigar da ke ƙaruwa kullum, ta ƙare da fashewa.

Tayoyi masu manyan haƙora na shiga laka suna da gurnani da ɗan kaɗawa a ƙaramin gudu, wannan ɗabi'arsu ce. Motar da ta daɗe a ajiye takan yi jijjiga da farko saboda gindin tayar ya baje, ta daina bayan 'yan kilomitoci. Ruwan da kwamfuresar mai faci ta tura cikin taya, ko ruwan like huji, yana yawo a ciki, ba ya barin balansin ya zauna.

Idan laifin ba a ƙafa yake ba

Sabon rim yakan tona aibin da ke ɓoye. Rim ɗin Hilux na inci 17 yana da ofset na milimita 30, wato gwargwadon yadda yake shigewa ciki a kan hob. Na kasuwa da yawa sifili ne ko ƙasa da haka, suna turo taya waje da milimita 30 zuwa 40 ko fiye. Wannan yana ƙara wa duk wani duka ƙarfi a kan kayan da ke riƙe ƙafa da sitiyari, wato boris da tayarod da bol-jon, sai ɗan wasan da ke jikinsu, wanda a da ba a ji, ya fito a sitiyari. Makaniken da ya ce tayarod ta mutu bai yi ƙarya ba, amma sauya ta ba zai cire dalilin da ya gaggauta mutuwarta ba.

Furofela tana juyawa kusan sau huɗu a kowane juyin taya, don haka girgizarta siririya ce mai kama da gunji, ba bugu ba. An fi samun ta a motar da aka ɗaga don manyan tayoyi su samu wuri, saboda kusurwar kuros ɗinta, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasawa, ta sauya.

Tsarin bincike da abin da ya shafi aljihu

Gwajin da ya fi kowane yanke hukunci shi ne a mayar da rim da tayoyin asali, ko a ari na wata Hilux mai lafiya, a bi hanya ɗaya da gudu ɗaya. Idan jijjigar ta ɓace, an wanke shokazoba da furofela da injin a lokaci guda. Wannan ya sa sayar da rim ɗin kamfani a ranar da aka sa sababbi, ko bayar da su a cikon ciniki, yake jawo asara daga baya. Idan babu su, sai a mayar da ƙafafun gaba baya: jijjigar da ta bar sitiyari ta koma kujera ta nuna ƙafar da ake nema. Sharaɗin dai shi ne a sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, a kuma fara da iska da wanki da noti da zobe, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kafin a kai ga shokazoba. Alaimen, wato saita ƙafafu su miƙe daidai, yana gyara jan mota gefe da cin taya, ba ya maganin jijjiga, sai dai rashinsa yana iya cinye taya tudu da kwari har ta soma yi.

Ko an kawar da jijjigar, wasu sakamakon suna nan. Tayar 285/70R17 ta fi ta asali tsayi da kashi 7 cikin 100, saboda haka idan agogo ya nuna 100, gudun ya fi abin da ya saba nufi da kimanin kilomita 7, birki yana ƙara wahala, shan mai yana ƙaruwa. Ga mai ɗaukar buhunan hatsi ko siminti, abin da ya fi kyan rim muhimmanci shi ne nauyin da aka rubuta a bayansa cewa zai iya ɗauka, domin Hilux da cikakken lodi tana kai wa wajen tan 3, kuma mafi yawan nauyin yana kan ƙafafun baya. Alamar JWL-T ta Japan tana nuna rim ɗin da aka ƙera bisa ƙa'idar motocin kaya, ko da yake jabun rim ma suna kwaikwayon alamar, don haka rim ɗin da babu sunan kamfani ko adadin lodi a jikinsa bai cancanci motar aiki ba.

Tayar safaya da ke rataye a ƙarƙashin bodi ita ma tana shiga lissafi. Idan an ƙara tsayin tayoyi huɗu aka bar ta yadda take, ba za ta yi daidai da sauran ba, kuma bai kamata a sa giyar ƙafa huɗu da ita ba. Idan rim ɗinta aloi ne na kamfani, sababbin notoci masu tsini ba za su kama shi daidai ba, saboda haka ana ajiye tsofaffin notoci shida a cikin mota tare da sifanar da ta dace da kowane iri.